Wata bakwai a zauren wasan labari: daren da aka kashe mini mai gadin gada

Tauraro huɗu zan ba zauren nan na intanet, inda ake wasan labari a rubuce, kowa da jaruminsa, kuma wata baiwar Allah ɗaya ce ta jawo masa su, ba masu kula da shi ba. Wata bakwai ke nan ina ciki. Na shiga kasada huɗu, wato labaran da ake bugawa a ciki, a matsayin ɗan tafiya, na jagoranci ɗaya da kaina. Wadda na jagoranta ɗin ita ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa har yau ban fita ba.

Mako uku na yi ina shirya ta. Labarin wani ƙauye ne a bayan dutse da rana ta daina fito masa, aka nemi ayarin mutum biyar su kai masa fitila ɗaya ba tare da ta mutu a hanya ba. Na zana taswira, na rubuta abin da kowane mutumin hanya ya sani da abin da yake ɓoyewa, na tura wa masu kula. Kwana goma sha ɗaya kafin su duba. Na yi haƙuri, don na san aikin sa kai suke yi. Da aka buɗe gurbi, ko awa ba a yi ba mutum biyar suka cika: mayaƙi, maharbiya, mai magani, ɓarawo da wani malamin tarihi mai yawo da littattafai. Na sa sharaɗin kowa ya rubuta nasa cikin awa 48, bi da bi, tunda ba lokacinmu ɗaya ba, wani na kwanciya wani na tashi.

Kwana goman farko, wallahi, sai wanda ya gani. Ɓarawon ya sace man fitila ya sayar, malamin tarihin ya gano, suka yi ta cacar baki a cikin labari alhali a ɗakin hira na gefe dariya suke yi. Ni kuwa hankalina na kan gada. Duk kasadar a kan gadar nan na ɗora ta. Akwai wani tsoho mai gadinta, fuska a murtuke, sanda a hannu, ba ya barin kowa ya haye. Sirrin da na ɓoye shi ne ba abokin gaba ba ne. Ɗiyarsa tana cikin ƙauyen, shekara da shekaru yana rubuta mata wasiƙun da babu mai kaiwa, kuma shi kaɗai ya san hanyar da iska ba za ta kashe fitilar ba. So nake su zauna da shi, su lallaɓa shi, su ji ciwonsa. Shafi huɗu na rubuta na maganganunsa kawai.

Daren da suka iso gadar na rubuta bayaninsa, har da yadda hannunsa ke rawa a kan sanda, don mai lura ya gane tsohon nan tsoro yake ji. Na kwanta. Da asuba na ɗauki waya na tarar da rubutun mai mayaƙi, dogo, ya kai kalma dubu. A ciki jaruminsa ya zare takobi ya fille kan tsohon da sara ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ya rubuta cewa maharbiya ta tsorata ta ja da baya, mai magani ya durƙusa yana kuka, kowa na kallonsa da mamaki. Bai jefa dayis ba, wato ƙwallon lambobi da ake jefawa don a ga ko yunƙuri ya yi nasara, bai jira ni ba, kuma ba zagayensa ba ne ma.

Sai da na karanta sau uku. Hannuna ya yi sanyi.

Duk wanda ya taɓa wasan nan ya san ƙa'idar farko: kai ka faɗi abin da jaruminka ya yi ƙoƙarin yi, jagora ya faɗi abin da ya faru. Wannan rabon aiki tun Dungeons & Dragons yake, wasan labari na kan tebur wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, kuma a kansa kusan duk irin waɗannan wasanni suka tsaya. Shi ya sa ake da dayis mai fuska 20. Na sa wa tsohon lamba 18 da sai an kai ta kafin sara ya same shi, mayaƙin yana da ƙarin 3 a takardarsa, ke nan sai ya jefa 15 ko sama da haka. Fuska shida cikin ashirin, 30 cikin 100, kuma ko ya samu, rauni zai yi masa, ba kisa ba. Shi ya tsallake duk wannan ya yanke wa kansa hukunci, sannan ya ƙwace alƙalamin mutum biyu ya rubuta musu tsoro da kuka. Godmodin ake ce wa wannan a zauren, kuma yana nan ɓaro-ɓaro a jerin abubuwan da dokarsu ta hana.

Na kai ƙara cikin ladabi. Na ce, "Malam, don Allah a duba, a soke rubutun nan mu koma inda muke." Kwana biyu shiru, kasadar na tsaye cak, mai ɓarawo yana ta tambayata ko an fasa ne. Da amsa ta zo, cewa aka yi, "Ɗan'uwa, yi haƙuri a bar shi ya wuce. Mutumin nan ya daɗe da mu, kuma soke rubutu yana ɓata labari." Aka ƙara da cewa tsarin nasu yana kan tasowa, ana koyo.

Maganar koyon nan ta fi komai ƙona mini rai. Wasan rubutu a kwamfuta ba jiya aka fara shi ba. Tun 1978 Roy Trubshaw ya fara MUD, wasan rubutu na mutane da yawa, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. A can na'ura ce alƙali, in ka rubuta ka kai sara, ita za ta gaya maka ko ka samu ko ka kuskure, ba ruwanta da daɗewarka. Mu da muka zaɓi mutane su riƙe alƙalanci don labari ya fi armashi, abu ɗaya muke nema daga masu kula, su tsaya a kan dokar da suka rubuta da hannunsu. Da sabon shiga ne ya yi haka, na tabbata da tuni an share.

Na riga na fara rubuta sanarwar rufe kasadar. Sai ga saƙo ta bayan fage daga mai maharbiya. Sabuwa ce, wannan ce kasadarta ta farko, rubutunta bai cika wuce layi biyar ba, ko a ɗakin hira ba ta cika magana. Ta ce, "Jagora, na ga ka ce hannun tsohon yana rawa. Ba na jin mugu ne. Ka ba ni izini in buɗe jakarsa?"

Ita kaɗai ta lura da hannun nan cikin mutum biyar.

Na ce ta jefa. Ta jefa 17. Sai na kwashe shafi huɗun nan da na zaci sun tafi a banza na mayar da su wasiƙu. A nata zagayen ba ta yi jayayya da kowa ba, ba ta ce jarumarta ba ta tsorata ba. Ta rubuta cewa maharbiya ta ja da baya, ƙwarai, amma ba don tsoron takobi ba, don jini kada ya taɓa jakar. Ta zauna a bakin gada ta warware ƙullin, ta karanta wasiƙa ta farko a fili ga hasken fitilar da suke ɗauke da ita. Layi shida ta rubuta. Mai magani ya biyo baya, ya ce kukan da aka gani na gaske ne, don ya ga ƙwalaben magani a jakar, ya gane tsohon ba shi da lafiya tun kafin su zo. Malamin tarihin ya tsaya ya haƙa kabari, ya yage shafi daga littafin da ya fi ƙauna ya rufe wa mamacin fuska.

Daga nan kasadar ta zama wani abu da ban taɓa tsarawa ba. Babu mai nuna musu hanya, dole suka bi ta inda iska take, sau biyu fitilar tana gab da mutuwa, ɓarawon da ya sace mai a farko shi ya cire rigarsa ya kare ta. Kuma duk tafiyar tambaya ɗaya ke cinsu, wa zai kalli ɗiyar nan ya gaya mata. Ranar da maharbiya ta miƙa mata wasiƙun, na ajiye waya na yi shiru na ɗan lokaci kafin in iya rubuta amsa. Ban taɓa zaton rubutun mutanen da ban san fuskarsu ba zai yi mini haka.

To amma da na zo nan a rubutun nan sai na tuna rabon maki, raina ya sake ɓaci. A zauren, idan kasada ta ƙare, yawan kalmomin da ka rubuta ake ƙirgawa a ba jaruminka maki. Jagora ba shi da ta cewa. Wa kuke jin ya fi kowa samu? Mai mayaƙi. Kalma dubun da ya kashe mini tsoho da su har da su aka ƙirga masa. Ya ƙara matsayi, aka taya shi murna a ɗakin sanarwa. Wadda ta ceci labarin da layi shida ita ce ta ƙarshe a jeri. Na roƙa a bar ni in ƙara mata daga ladan jagorancina, aka ce tsari bai yarda ba. Tsarin da ya yarda a karya doka saboda daɗewa, shi ne bai yarda da wannan ba. Kuma har yau mutumin bai ce wa kowa yi haƙuri ba, ko a ɓoye.

A'a, tauraro huɗu ya yi yawa. Uku.

Shiga kasadar wasu ma da nata ciwon. Cikin huɗun da na shiga biyu ne suka kai ƙarshe. Sauran biyun jagororin ne suka ɓace, ɗaya ana tsakiyar faɗa a cikin kogo. Dokar zauren ba ta barin jarumi ɗaya ya kasance a kasada biyu lokaci guda, don haka jarumina ya yi wata ɗaya da rabi a kogon nan da garkuwa a ɗage, ni ina kallon wasu gurabe na buɗewa suna cika. Babu wanda ya zo ya rufe ta ko ya naɗa wani jagora sai da muka yi ta magiya. Guraben kuma sau da yawa ana buɗe su ne ina barci, in farka an gama rabo, sunayen nan dai da aka saba gani.

Duk da haka na tura kasada ta biyu makon jiya. Wannan karon na rubuta a saman sanarwar cewa duk rubutun da ya yanke hukunci ba tare da dayis ba, ko ya motsa jarumin wani, ni zan tsallake shi in ci gaba kamar ba a yi ba, wanda bai yarda ba kada ya shiga. Na kuma nemi a bar mini gurbi ɗaya in ba wanda nake so. Na gaya wa mai maharbiya nata ne in an amince, ta ce ta riga ta fara tunanin abin da jarumarta za ta yi da wasiƙa ɗaya da ta ɓoye ba ta miƙa ba. Yau kwana shida ina jiran masu kula su duba.