Buhun PICS: ajiyar wake ba tare da guba ba

Tsoron ƙwari ne ke sa manomi karyar da wakensa tun da kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi. Buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, don wannan matsalar aka yi shi, kuma yana aikinsa.

Ninki uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai 100. Ba a sa masa magani. Iska ce ke ƙare wa ƙwarin, su daina ci, su mutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ragowar maganin ƙwari ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, balle lafiyar iyalin da za su ci.

Sai dai buhun ba ya yafe ganganci. Waken ya bushe sarai, in ka ciza ka ji ƙaras, a kuma sheƙe shi, don tsinke ɗaya ya isa ya huda leda. Kafin zubawa, cika kowace leda da iska ka matse bakinta. In ta sace, akwai huji. Bayan zubawa, matse iskar waje, murɗe bakin ledar ciki, lanƙwasa shi, ɗaure. Sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowanne da ɗaurinsa. Masu haɗa ukun su ɗaure wuri guda su ne ke dawowa suna cewa buhun bai yi ba.

Ɓera shi ne babban abokin gabansa. Ɗora buhun kan katako, nesa da bango, kada rana ta riƙa dukansa. A daina yawan buɗewa. Na cin gida a ware shi daban.

Ya fi buhun gama-gari tsada, amma in an lallaɓa shi yakan yi shekara uku. A kula da jabu, ledarsa ba ta da kauri, da ka ja sai ta miƙe.

Ranar kai kaya Dawanau ko Maigatari, juye waken cikin buhun gama-gari. Dillali zai soka ƙarfensa don ganin ƙwayar, kuma suka ɗaya ta gama da leda biyun.