Kwana uku a motar yawon tarihi, daga Atlanta zuwa gadar Selma

Tun da 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida kan Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen fata a Amurka, take bina da tambaya guda: ta yaya za a doki mutum ya ƙi ramawa, kuma a ce shi ne ya yi nasara? Na ce mata mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romo. Ba ta gamsu ba, ni ma a raina na san ban amsa ba. Shi ya sa da hutu ya zo na biya mana kuɗin tafiyar kwana uku da wani kamfanin yawon buɗe ido yake shiryawa daga Atlanta, yana zagayawa da mutane wuraren da baƙaƙen fata suka yi gwagwarmaya da wariyar launin fata a jihohin Jojiya da Alabama. Kuɗin ya haɗa da mota, da masaukin dare biyu, da tikitin shiga gidajen tarihi, da abincin rana.

Ranar farko a Atlanta muka yi ta: titin Auburn inda aka haifi King ranar 15 ga Janairun 1929, cocin Ebenezer inda mahaifinsa ya yi fasto, sai kabarinsa da na matarsa Coretta a tsakiyar ruwa. Wuri ne mai natsuwa, amma kowa zai iya zaga shi ba sai da jagora ba.

A Montgomery ne na ga amfanin kuɗina. Jagorarmu dattijuwa ce 'yar asalin garin, tana dogara sanda, kuma ba ta fara da King ba sam. Da Claudette Colvin ta fara, yarinya 'yar shekara 15 da aka kama a watan Maris na 1955 saboda ta ƙi tashi wa farar fata a bas, wata tara kafin a kama Rosa Parks a kan irin wannan dalili ranar 1 ga Disamba. Daga nan ta gangaro kan Jo Ann Robinson, malamar kwalejin da ta kwana tana buga takardun kira ga jama'a su ƙaurace wa motocin. An fara ƙauracewar ranar 5 ga Disamba, aka kai kwana 381. King, wanda aka zaɓa ya jagoranci ƙauracewar, yana da shekara 26 a lokacin, baƙo ne ma a garin, bai daɗe da karɓar cocin titin Dexter ba.

Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne yadda mutum zai je wurin aiki sama da shekara guda ba bas. Ta warware mana shi dalla-dalla. Masu mota kusan 300 ne suka ba da motocinsu, aka tsara wuraren ɗauka da saukewa. 'Yan sanda suka riƙa tare direbobin suna cin su tara a kan abin da bai kai ya kawo ba, shi kansa King sai da aka kulle shi a Janairun 1956 wai ya wuce ƙa'idar gudu. Wata mai girki, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna sayar da abinci suna zuba ribar a asusun man fetur. Da yawa kuwa da ƙafa suke zuwa, su dawo da ƙafa, cikin sanyi da ruwan sama. A nan na gane amsar da na ba 'yata rabi ce. Akwai haƙuri, amma a ƙarƙashinsa akwai tsari da lissafi da tarurrukan dare a coci.

Gidan faston da ke titin South Jackson, inda King ya zauna da iyalinsa, ƙarami ne. A daɓen barandarsa har yanzu akwai tabon bam ɗin da aka jefa daren 30 ga Janairun 1956, Coretta tana ciki da jaririyarsu Yolanda. Jagorar ta tsayar da mu a farfajiya, daidai inda jama'a suka taru a fusace daren nan, wasu da makamai. Ta ce mu ɗaga kai mu dubi barandar. A nan King ya tsaya ya roƙe su su mayar da makamai su koma gida. 'Yata ta durƙusa ta daɗe tana kallon tabon. Ni kuwa kaina nake tambaya, da matata da jaririyata ne a ciki, shin bakina zai iya furta wannan magana? Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin wariya a bas a Nuwamban 1956, ranar 21 ga Disamba King ya hau ya zauna a gaba.

Birmingham ta fi ko'ina nauyi. A dandalin Kelly Ingram akwai wata siririyar hanya da aka yi gumakan karnuka na ƙarfe suna zaburowa daga bango hagu da dama, haƙora a waje, dole ta tsakiyarsu za ka bi. A nan ne a watan Mayun 1963 Bull Connor, kwamishinan da ke kula da 'yan sandan garin, ya sa aka saki karnuka da mesar 'yan kwana-kwana a kan 'yan makaranta. Jagorar ta ce masu fita zanga-zanga sai sun sa hannu a takardar alkawarin ba za su rama ba, ko da hannu ko da baki, wanda bai iya ba kuma akwai wani aikin da zai taimaka da shi, kamar tuƙi ko girki. Tsallaken titi akwai cocin baƙaƙen fata da aka dasa wa bam ranar 15 ga Satumban 1963, yara mata huɗu suka mutu: Addie Mae Collins da Carole Robertson da Cynthia Wesley masu shekara 14, da Denise McNair mai 11. 'Yata ta karanta shekarun, ta riƙo hannuna ta ce, "Baba, sa'o'ina ne." Ba ta ƙara magana ba har muka shiga mota.

Ƙorafina a kan Selma yake. Kamfanin ya cusa ta a yammacin ranar ƙarshe, aka ce mu yi sauri saboda doguwar hanyar komawa. Gadar Edmund Pettus tana da tudu a tsakiya, sai ka kai ƙololuwa kake hango ɗaya ɓangaren. Haka mutum kusan 600 da John Lewis da Hosea Williams suka jagoranta ranar 7 ga Maris na 1965 suka hango jami'an tsaro jere suna jiransu da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, suka ci gaba da tafiya, har aka fasa wa Lewis kai. Haƙƙin yin rajistar zaɓe suke nema, kuma ranar 6 ga Agustan shekarar shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kare musu wannan haƙƙi. Wurin da ya kamata a bar mutum ya tsaya ya yi shiru ke nan, amma direba yana ta danna hon. Cocin Brown Chapel, inda tattakin ya taso, ta taga muka gan shi. Mil 54 da masu tattakin suka taka cikin kwana biyar zuwa Montgomery da suka sake fitowa mako biyu bayan haka, mu a sa'a guda muka shafe, ba a tsaya ko'ina ba. Wannan ya yi mini ciwo, na kuma rubuta musu.

Masaukin yana da tsabta, motar ba laifi, na'urar saƙalawa a kunne ta sa ko kana baya kana jin jagora sarai. Wanda ba ya cin naman alade ya tambaya kafin a zuba masa, don a jihohin kudu na ƙasar Amurka har ganye da wake ana dafawa da shi. A tafi da takalmi mai daɗin tafiya. Zan ba duk mai yara shawara ya yi wannan tafiya, amma kafin ya biya ya tambayi awa nawa aka ware wa Selma. Mu dai mun yanke za mu koma da motarmu mu kwana a can, 'yata ta ce tana so ta tsallaka gadar a hankali.