Na karɓo rundunata ta Warhammer daga wajen mai fenti, ga yadda aikin ya fito

Ƴan fada kun dame ni da tambaya wai yaya sojojin suka fito, to ga bayani. Aikin ya yi wallahi, in na samu wasu ma wajensa zan sake kaiwa, amma akwai abu biyu da ban ji daɗinsu ba kuma zan faɗe su.

Ga wanda bai san harkar ba, Warhammer 40,000 wasan yaƙi ne na kan tebur, kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ke yin shi, tun 1987 ya fito. Sojoji ne ƴan ƙanana na roba, tsawon ɗaya bai wuce santimita uku da ɗan wani abu ba, tafiyarsu da tef na inci ake aunawa, harbi kuma da ƴaƴan ludo masu fuska shida. Sai dai fa ba a haɗe suke zuwa ba, gutsattsari ne masu ruwan toka, kai za ka yanke ka liƙa ka yi fenti. Ni Astra Militarum nake bugawa, rundunar da ƙarfinta yawan mutane ne, kowane rukunin soja kuma da makin da ake lissafa masa, kafin in cika maki 2000 na babban wasa na tara sojan ƙasa wajen ɗari ga tankokin Leman Russ, ga aiki ga iyali, ina na ga lokacin zama da burushi. Wani ɗan uwa ne ya riƙo mini kayan daga Faransa har da kwalaben fentin Citadel da Vallejo, na fesawa kawai ya bari don ba a yarda a shiga jirgi da shi.

Mai fentin matashi ne a wajejen Wadata, asalin sana'arsa rubutun allunan shaguna. Da na kai masa bai karɓi kafin alƙalami ba, cewa ya yi yaya bari in yi maka guda ɗaya tukuna ka gani, in bai yi maka ba ka ɗauki kayanka. Nan ya fara shiga raina. Sojojin na Cadia ne, wata duniya a labarin wasan, amma launin hamada na ce ina so irin na Tallarn, sojojin hamada masu rawani, shi ne ya kwaɓa Green Stuff, wannan dagwalon mai rawaya da shuɗi da ke komawa kore in an murza, ya naɗa ma hafsoshin rawani. Kai ku zo ku ga rawanin nan! Kowane ninki ya fito, ya zuba Agrax Earthshade, wani tsinkakken fenti mai ruwan ƙasa, ya kwanta cikin lungunan sannan ya bi saman da fari-fari, har amawali ya yi musu ya rufe baki. Ƙasan da suke tsaye a kai yashin bakin kogi ne ya tankaɗe da rariya ya liƙa da gam, tankokin kuma ya bi ƙafafunsu da garin jar ƙasa sai ka ce motar da ta fito daga hanyar ƙauye.

Amma abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi banza ba wani ne daban. Soja ɗaya mai kyau mutane da yawa za su iya, wahalar tana wajen na ɗarin ya yi kama da na farko. Goma-goma yake ɗaukarsu, yana da ɗan littafi da ya rubuta haɗin kowane launi, ɗigo kaza na wannan ɗigo kaza na wancan, kuma sojan gwajin nan yana gabansa kullum yana dubawa. Na jera su duka kan tebur na cakuɗa rukunin farko da na ƙarshe, na ce ma abokina ya raba su, ya kasa.

To sai lokaci. Kafin azumi ya ce, sai bayan ƙaramar salla na karɓa. Uzurinsa gaskiya ne, da zafi ya shigo fentin ruwa ne yana bushewa tun a kan burushi, ko da yana ɗora shi kan jiƙaƙƙen soso, dole sai da asuba ko da dare yake aiki, daren ma in an ɗauke kuran shi ke nan. Ban ƙi ba. Abin da ya ɓata mini rai shirun, ka tura saƙo a WhatsApp ya gani bai amsa ba, kai kuma kayan da ka daɗe kana tarawa suna hannunsa, hankali ba ya kwanciya.

Na biyu ƙura. Rukunin farko lokacin hazo ya shafa musu berni, man da ake bi da shi a ƙarshe don kare fenti, da taga a buɗe, ƙura ta manne, in ka shafa bayan tanka ɗaya za ka ji kaushi. Na nuna masa bai yi gardama ba ya goge ya sake bai ƙara ko dala ba, amma akwai sojoji kaɗan da har yanzu in ka haska da tocila za ka gani.

Kuɗi kuwa jika biyu da rabi kowane soja, tanka jika goma sha biyar, fenti kuwa ni na kawo. Kashi uku na biya, farko da tsakiya da ranar ɗauka, ina ba kowa shawarar haka. Ya liƙa musu mayen ƙarfe a ƙasa ya jera su kan faranti cikin kwali, na shigo da su taksi duk ramukan unguwarmu ko bindiga ɗaya ba ta karye ba. Lambarsa ba zan sa a nan ba, mai so ya same ni fada ranar Asabar bayan la'asar, zan zo da su ya gani da idonsa.