Katarina Witt da Midori Ito: wace ce ta fi a kan ƙanƙara?

Hajiya, kin ce kin kalli tsohon bidiyon wasan zamiya na mata a gasar Olamfik ta Calgary, 1988, kin rasa gane yadda aka ba Katarina Witt zinare alhali 'yar Japan ɗin nan, Midori Ito, ta fi ta tsalle nesa ba kusa ba. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Sai dai inda aka kayar da Ito ba ya cikin bidiyon da kika gani.

A wancan zamanin gasar mataki uku ce: zane, sai wasannin kiɗa biyu, gajere da dogo. Na farko, mai kashi 30 cikin 100 na sakamako, babu kiɗa babu tsalle. 'Yar wasa za ta zana siffar lamba 8 a kan ƙanƙara da kaifin ƙarfen takalminta, ta sake bin sawunta a kan ƙafa ɗaya, sannan alƙalai su tako har wurin, su sunkuya suna duba ko layi ya hau layi. Aikin haƙuri ne irin na mai ɗinkin hula. Witt ta zo ta uku a nan, Ito ta goma. Tun kafin a kunna kiɗa an riga an yi mata nisa, shi ya sa duk da tsalle bakwai masu juyi uku da ta sauke a wasan ƙarshe, ta biyar ta ƙare.

Witt 'yar Jamus ta Gabas ce, almajirar Jutta Müller, kuma ƙarfinta yana wurin natsuwa da iya jan hankali. Takan kalli alƙalai ido cikin ido kamar filin na gidansu ne. A Calgary ita da Debi Thomas ta Amurka duk kiɗan Carmen suka zaɓa. Thomas ta rikice ta tashi da tagulla, Witt ta yi tsalle huɗu kacal masu juyi uku, ta ƙarasa sauran da salo. Ba ma ita ta zo ta ɗaya a wasan ƙarshen ba, Elizabeth Manley ta Kanada ce. Amma lissafi ya ba ta. Zinare biyu a jere, Sarajevo 1984 da Calgary 1988, ga kambun duniya huɗu da na Turai shida. Idan kofuna ake ƙirgawa, magana ta ƙare.

Ito kuwa 'yar ƙarama ce, tsayinta bai kai mita ɗaya da rabi ba, amma in ta tashi sama sai kin riƙe baki. Ita ce mace ta farko da ta sauke tsallen Axel mai juyi uku a gasa, a 1988. Wahalarsa ita ce ta gaba ake tashi a sauka ta baya, don haka juyi uku da rabi ne. Da shi ta ci kambun duniya a Paris a 1989. A gasar duniya ta 1990 ta zo ta ɗaya a wasannin kiɗa biyun, zanen nan dai ya sake jawo ta zuwa ta biyu, bayan Jill Trenary. Daga wannan shekarar aka soke zanen a gasannin ƙasa da ƙasa.

Abin takaici, da aka share mata hanya sai sa'a ta ƙi. A Olamfik ta Albertville, 1992, ta faɗi a Axel ɗin farko, ta miƙe, can kusa da ƙarshe ƙafafu sun gaji ta sake gwadawa, ta sauke shi. Azurfa ta samu, Kristi Yamaguchi ta ɗauki zinare.

Ni dai ina bayan Ito, don 'yan matan da ke wasan a yau hanyarta suka bi, ba ta Witt ba. Ki nemo na Paris ɗin ki kalla, ki lura da nisan da take ci a iska kafin ƙafarta ta taɓa ƙanƙara.