Sharhi kan Leaflet 1.9.4: ɗigo, layi da fili a fayil ɗaya

Fayil ɗin gwajin GeoJSON ne, wato tsarin ajiye bayanan taswira a rubuce, mai ɗauke da abu uku na garin Damagaram (Zinder): famfunan ruwa a matsayin ɗigo, tituna a matsayin layi, sai iyakokin unguwanni irin su Birni da Zango a matsayin fili. Shapefile, wani tsarin fayil ɗin taswira, ba ya karɓar wannan cakuɗa, siffa ɗaya tak yake ɗauka a kowane fayil. Leaflet kuwa, kayan aikin JavaScript na nuna taswira a shafin intanet, da umarnin L.geoJSON kaɗai ya zana duka ukun. Nauyin Leaflet ɗin kusan KB 42 ne, don haka ko rezo ya yi rauni shafin yana buɗewa a waya.

Amma kada a ruɗu da sauƙin farko. Zaɓin style layi da fili kawai yake wa launi, ɗigo yana nan da shuɗiyar alamarsa har sai an mai da shi circleMarker, wato alama mai siffar da'ira, ta hanyar zaɓin pointToLayer. Nan kuma wata matsalar ke ɓullowa: circleMarker faifai ɗaya yake zama da filaye, in filin unguwa ya zo daga baya a fayil, sai ya rufe famfunan, ka yi ta danna famfo bayanin unguwa na fito maka. Maganinsa a raba fayil ɗin gida uku da zaɓin tacewa na filter, a fara ɗora filaye, sannan layuka, ɗigo a ƙarshe. GeometryCollection, wato siffofi da yawa a ƙunshi ɗaya, shi ma yana zanuwa, sai dai bayani ɗaya duk siffofin ciki ke rabawa, gara a warware shi tun a manhajar taswira ta QGIS.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne jerin lambobi. GeoJSON lambar gabas yake sawa gaba, wato ga Zinder 8.99 kafin 13.80, shi kuwa L.marker, umarnin sa alama a Leaflet, ta arewa yake so da farko. Ka juya su, Zinder ta koma wajajen Garwa a Kamaru. Haka in fayil ya fito a UTM 32N, tsarin da ke auna wuri da mita, Leaflet ba ya duba crs, wato bayanin tsarin awon fayil ɗin, mitoci zai ɗauka a matsayin digiri, taswira ta tashi wayam. A fitar da shi a EPSG:4326, tsarin awo da digiri, kamar yadda ƙa'idar RFC 7946 ta 2016 ta tanada.

A rage lambobin da ke bayan ɗigon desimal zuwa 6, kusan santimita 10 ke nan, ya ishi famfo. In siffofi sun kai dubbai a kunna preferCanvas, zaɓin da ke sauƙaƙa zanen siffofi masu yawa, in ba haka ba ƙaramar waya za ta riƙa sarƙewa.