Gargaɗi ga maharba: masu sayar da kwarin goyo na bogi a intanet

'Yan uwa maharba, a yi hattara. Da an gama girbi, lokacin farauta ya kankama, sai shafuka su cika Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp suna tallan kwari na zamani, irin wanda ake goyawa a baya da maɗauri biyu kamar jakar 'yan makaranta. Akwai masu sana'ar gaskiya a ciki, amma akwai 'yan damfara, kuma damfarar tasu iri biyu ce: ko su karɓi kuɗi su ɓace, ko su aiko da abin da zai iya raunata mai shi a daji.

Ta farkon ba ta da wuyar ganewa. Hotunan tsaf-tsaf, an kwaso su daga shagunan Amurka ko Turai, shafin bai wuce 'yan makonni da buɗewa ba, an rufe wajen sharhi, ga matsin lamba: wai saura guda uku, a tura kuɗi yau. Sunan asusun banki daban da sunan shago. Bayan an biya sai a ce kaya sun maƙale, a ƙara kuɗin mota ko na kwastan. Wanda ya biya na biyun, za a nemi na uku. Ku sa hoton kwarin a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, in ya fito a shagon wata ƙasa da wani suna, magana ta ƙare.

Ta biyun ita ta fi damun mu, domin kayan suna isowa, a ido kuma ba laifi. Yawanci kwarin wasan harbin allo ne, wanda aka yi don kibau masu dunƙulallen kai, ake sayar da shi da sunan na farauta. Bambancin yana gindi. Kibiyar farauta kaifi gare ta kamar aska, ta gargajiya kuma ga tsini ga kunne. Kwarin kirki gindinsa katako ne, ko kilabo, wato jemammiyar fatar shanu, ninki biyu, ko roba mai tauri, a samansa an dasa soso mai ƙarfi na santimita 4 zuwa 5 inda kowane kai zai nutse ya tsaya shi kaɗai. Na bogi yadi ne falle ɗaya, wani lokaci da kwali a ciki. Tafiyar yini guda, kibau na sukar wuri ɗaya a kowane taku, sai tsini ya leƙo. Ku tuna inda gindin kwarin goyo yake zama: daidai ƙugu, kusa da ƙashin baya. Mutum ya zame a gangare ya faɗi ta baya, nauyinsa duka a kan kibau yake sauka. Ga wanda kibansa ke da dafi, ƙwarzane kaɗan ya isa ya zama ajali.

Rashin soson nan yana da wata ɓarnar. Kawunan suna gugar juna, kaifi ya dakushe, kuma suna yin ƙara a kowane motsi. Gada ko barewa ba ta jiran mai ƙwaramniya.

Sai batun fata. Suna rubuta "fata zalla", alhali leda ce aka manna a kan yadi. Ku juya cikin ku duba: fatar gaske bayanta gashi-gashi ne, ta bogi saƙar zare za ku gani. Ɗiga ruwa kaɗan. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana sha ta yi duhu a wurin, leda kuwa ruwan tsayawa yake ya gangare. A ɗora allura mai zafi a wani lungu, leda narkewa take da warin roba. Wasu kuma da gaske fatar akuya ce, har su yi ta kirarin jar fatar Sakkwato. Fata ce mai daraja, amma siririya ce, ba ta wuce milimita 1 da 'yan kai ba. Shi ya sa dukawanmu suke lulluɓa ta a kan gora ko itace, ba sa ɗinka kwari da ita tsura. Kwarin da zai tsaya da kansa yana son kilabo mai kaurin milimita 3 ko fiye.

Ku auna kibanku kafin ciniki. Kibiyar bakan zamani takan kai inci 28 zuwa 31, tana son kwari mai zurfin inci 20 zuwa 22, yadda gashinta zai fito sama hannu ya kama. Ta kyauro da maƙeranmu ke ɗaura wa kai sau da yawa ba ta kai haka ba, sai ta nutse a ciki. Ɗan damfara ba ya faɗin zurfi, "yana ɗaukar kowace iri" kawai zai ce. Maɗaurin kuma a duba inda ya haɗu da jiki: ɗinki mai akwati da gicciye a ciki ake so, ko ƙusar rivet, wadda ake daddale bakinta ta riƙe fata, da faɗin santimita 4 zuwa 5 a kafaɗa, da ɗan maɗauri na ƙirji. In babu na ƙirjin, da an sunkuya a ƙarƙashin reshe kwarin zai zame gefe, kibau su zube.

Kafin ko kwabo ya fita, a nemi kiran bidiyo kai tsaye. Mai kaya ya zura tef ɗin awo a ciki, ya danna gindin da babban yatsa, ya sa kibau shida ya girgiza, ya nuna takarda mai kwanan watan ranar. In ya ce kayan suna sito, a bar shi. In akwai ɗan uwa a garin, ya je ya gani da idonsa, a biya bayan kaya sun shiga hannu. Baduku na kusa da za a kai wa kibiya ya auna ya fi wannan kasada nesa ba kusa ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya je bankinsa a ranar, da rasit da lambar asusun da hotunan hirarsu, ya nemi a rubuta ƙorafin damfara. A Najeriya ana iya kai ƙara ga 'yan sanda ko EFCC, in kuma kaya ne aka aiko saɓanin talla, ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Kwarin bogin da ya riga ya iso kuwa, kada a zuba masa kibiya mai kaifi sai baduku ya sa masa gindin katako da soso.