Wasiƙa daga Bronx ta New York zuwa Nima ta Accra: kafin fasinja ya isa filin jirgi an riga an karanta shi

Assalamu alaikum Yaya Alhaji. Ina fata kana lafiya, kai da iyali da Hajiya da sauran mutanen gida a Nima. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Na saurari saƙonka na murya a kan mai sayar da tikitin da ya dawo da ku gida saboda harafi ɗaya, wai a fasfon Hajiya an rubuta Mohammed, a takardar da kuka kai masa kuma Muhammad. Kada ka ga baƙinsa, taimakonku ya yi. Duk wanda zai hau jirgi zuwa Amurka, ko daga wani gari zuwa wani a cikinta, kamfanin jirgi na tura cikakken sunansa da ranar haihuwarsa da jinsinsa zuwa hukumar tsaron sufuri, wato TSA, tun saura awa 72 a tashi. Sunan tsarin Secure Flight, ya kankama sosai a 2010. Can ake gwada sunan da jerin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci da wata cibiya ta FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ke riƙe da su tun 2003. Yawancin mutane su wuce ba su ma san an duba su ba. Wasu takardar shiga jirginsu ta fito da SSSS a kanta, ma'ana a tsayar da su gefe a zazzage jaka a lalube jiki. 'Yan kaɗan kuma takardar ba za ta fito ba sam.

Mu a gida idan aka ce tsaron filin jirgi, abin da ke zo mana a rai shi ne na'urar duba kaya da ma'aikaci mai safar hannu. Waɗannan su ne na gaba, amma ba su ke tsara abin ba. Akwai wasu da fasinja ba zai taɓa ganinsu ba, suna zaune gaban kwamfuta a hedkwatar hukumar a jihar Virginia, aikinsu karatu da rubutu. Suna karanta rahotannin FBI da CIA da na hukumomin leƙen asiri na ƙasashen da ake ɗasawa da su, da ƙananan rahotannin da ke fitowa daga filayen jirgi kullum, har da abin da 'yan ta'adda ke wallafawa a intanet. Tambayoyinsu ba su wuce uku ba: wa ke da niyya, wa ke da iko, ina ɓarakar take. Daga nan su rubuta bayani a tura wa shugabannin tsaro na filayen jirgi, a sauya doka, ko a saka jami'i cikin farin kaya a wani jirgi ya zauna kamar kowane fasinja. Hukumar ma ba tsohuwa ba ce, a Nuwamban 2001 aka kafa ta bayan harin 11 ga Satumba, kafin nan kamfanoni masu zaman kansu ke binciken fasinja. Yau tana duba mutum sama da miliyan 2 kowace rana a filaye kusan 440. Ba yadda za a yi a lalube wannan jama'a duka iri ɗaya. Sanin wurin bugu shi ne ƙira, kuma wannan sanin ake biyan waɗancan mutanen su samo.

Kowace doka da ke ba matafiyi haushi tana da mafari. Cire takalmi ya samo asali ne daga Richard Reid, wanda ya ɓoye bam a takalminsa a jirgin Paris zuwa Miami a Disamban 2001, kuma sai a Yulin 2025 aka sauke wa mutane wannan wahala. Hana ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 a jakar hannu ya biyo bayan wasu da aka kama a Ingila a Agustan 2006 suna shirin haɗa bam na ruwa a kwalaben lemo. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Oktoban 2010, lokacin da aka aiko bama-bamai biyu daga Yemen a ɓoye cikin na'urar buga takarda. Sun riga sun hau jirage sun sauka. Jami'an leƙen asirin Saudiyya ne suka ba da labari, aka je aka tsinto ɗaya a Dubai ɗaya a Ingila, na Ingilan ma da farko an duba ba a ga komai ba sai da aka sake komawa.

Amma labarin da ya fi shafarmu daga Accra ya tashi, kuma na san ka tuna shi, don a lokacin ba majalisar da ba a yi zancen ba daga Nima har Mamobi. Umar Farouk Abdulmutallab a Accra aka sayi tikitinsa da tsabar kuɗi a tsakiyar Disamban 2009, ya bi ta Legas zuwa Amsterdam, ya hau jirgin Detroit ranar Kirsimeti da bam ɗinke a kamfansa. Allah ya kiyaye bai tashi yadda ya so ba, fasinjoji suka danne shi. Abin da mutane da yawa suka manta shi ne mahaifinsa, Alhaji Umaru Mutallab, dattijo ɗan Funtuwa kuma babban ma'aikacin banki, da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja a watan Nuwamba ya ce ɗansa ya kauce hanya, yana zaton yana Yemen. Ka auna nauyin wannan, uba ya kai ƙarar ɗan cikinsa wurin baƙi. An rubuta sunan a babban kundi mai ɗauke da sunaye sama da rabin miliyan, amma ba a ɗaga shi zuwa jerin waɗanda aka hana hawa jirgi ba, wanda a lokacin bai wuce suna 4,000 ba. Binciken da fadar White House ta yi daga baya ya nuna har kuskuren rubuta sunan ya sa da farko ba a gane yaron yana riƙe da bizar Amurka mai aiki ba. Obama da kansa ya amsa cewa bayanan suna hannu, haɗa su ne ba a yi ba. Ka ga ke nan harafi ɗaya ba wasa ba ne.

Wake ɗaya kuwa ya ɓata gari. A Janairun 2010 aka saka Najeriya cikin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike, aka kuma baza na'urorin da ke leƙa jiki ta cikin tufafi. Ghana ba ta cikin jerin, amma mai suna Abubakar ko Usman ai ba ya yawo da tuta a goshi. A nan ne nake ganin raunin tsarin nasu: ya san sunanka da ranar haihuwarka da inda ka sayi tikiti, amma bai san ko kai wane ne ba. Mu kuwa sunayenmu kaɗan ne, masu su da yawa, kowane akawu kuma da yadda yake rubuta su da boko. Ba mu kaɗai abin ke cafka ba, Sanata Ted Kennedy, wanda kusan duk Amurka ta san fuskarsa, an sha tsayar da shi a 2004 saboda sunansa ya yi kama da wani da ke cikin jerin. Abin da na yaba musu shi ne akwai ƙofar kuka. Wanda ake yawan ruɗa shi da wani zai iya cike takarda a shafin ma'aikatar tsaron cikin gida, kyauta, a ba shi lamba ta musamman da zai riƙa sakawa duk lokacin da ya sayi tikiti. Tana ɗaukar lokaci, amma ba sai ka san wani babba ba.

Tsaron nan kuma haja ce, da farashinta. Kowane tikitin da ya tashi daga filin jirgin Amurka ana ɗora masa dala 5.60 kuɗin tsaro. Wanda kuma ba ya son dogon layi, in ɗan ƙasa ne ko mai katin zama na dindindin, sai ya biya wajen dala 80 na shekara 5, a ɗauki zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, ya koma bin gajeren layi. Wato ka biya kuɗi ka miƙa kanka a karanta ka tun da wuri. A gida ma mai hali yana tsallake layi, bambancin shi ne a nan ana ba ka rasit.

Tunda Hajiya na tafe, ga abin da za ku kula da shi wajen ɗaurin kaya. Shito da man shanu da zuma duk cikin babban akwati, a naɗe su da leda ninki biyu. Na ga wata dattijuwa a layin bincike rungume da kwalbar shito da ta ɓoye cikin jakar hannu don kada ta fashe, tana ta roƙon ma'aikaciya da ɗan Turancin da take ji, tana buɗe murfin tana nuna mata ai barkono ne kawai da kifi. Ma'aikaciyar ta sunsuna, ta yi murmushi, ta ce ta yarda, amma ta ɗaga kwalbar ta nuna mata girmanta, ta jefa cikin kwandon shara. Garin rogo da kuka da yaji ma gara su shiga akwati, don tun 2018 duk garin da ya wuce kimanin mililita 350 a jakar hannu sai an yi masa bincike na daban a jiragen da ke shigowa Amurka. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su a gida gaba ɗaya. Wannan ba dokar TSA ba ce, ta kwastan ce, saboda cututtukan dabbobi, kuma ɓoyewa ta fi kawowa laifi, tara ce mai nauyi. Duk abincin da ta riƙo ta faɗa in an tambaye ta. A filin jirgin Accra ma, a sabon ginin nan da aka buɗe a 2018, masu jirgin New York kai tsaye ana yi musu ƙarin tambayoyi, wa ya haɗa miki kaya, wani ya ba ki saƙo. Ka san halin unguwa, ranar tafiya kowa zai zo da ƙullinsa na ɗansa da ke Bronx. Duk ƙullin da ba a kwance a gabanku ba kada ya shiga akwatinta, ko na wane ne.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne duk wannan tsanani a sama yake. A ƙasa, jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York mai tasha 472, da wajen dala 3 ka shige, ba mai tambayar sunanka. Tun bayan harin Landan na Yulin 2005 'yan sanda kan kafa tebur jefi-jefi su duba jakunkuna, a 2024 ma gwamnar jihar ta turo sojoji 750 tashoshin, amma miliyoyin mutane ba sa bincikuwa. Nan ma da labari aka dogara. Najibullah Zazi, da ya shirya tayar da bam a jiragen nan a Satumban 2009, ta saƙonnin imel aka gano shi, ba a bakin ƙofar tasha ba.

A nan ne nake cewa mu ma ba a bar mu a baya ba, sai dai namu ba a rubuce yake ba. Je ka tashar motocin arewa da daddare ka tsaya kusa da mai rubuta fasinja. Ya san direban da ke gyangyaɗi, ya san ɗan dakon da ba na tashar ba ne, ya san a wane daji 'yan fashi suka tare hanya makon jiya tun kafin rediyo ta faɗa, kuma kafin motar Tamale ta cika ya riga ya lura da fasinjan da ba ya son a taɓa buhunsa. Sarkin zango da mai unguwa su ma baƙo ba ya kwana biyu ba su ji wanda ya sauke shi ba. Wannan sanin mutum ne da kwamfutar Virginia ba ta da shi. Matsalarmu ita ce sanin yana tsayawa a cikin kan mai shi. Ba ya isa ga ɗan sandan da ke shingen hanya yana haska tocila a fuskar direba, balle ya isa wani ofishi da zai haɗa na Bawku da na Kumasi da na Aflao ya ga ko zance ɗaya ne.

Kuma lokaci ya yi da za a haɗa ɗin. Burkina Faso na kan iyakarmu, motocin tumatir da na shanu na shiga suna fita kullum. A Mayun 2022 aka kashe sojojin Togo 8 a arewacin ƙasarsu, a watan ne kuma ma'aikatar tsaron ƙasa ta Ghana ta fito da kiran nan na in ka ga abu ka faɗa, da lambar 999. Taken ma daga New York aka aro shi, hukumar sufurin birnin ce ta fara liƙa shi a jirage da bas-bas. Kiran yana da kyau, amma mutum ba ya kai labari inda yake tsoron a fara da shi. Idan duk mai dogon gemu ko Bafulatani da sandarsa ya zama abin zargi, waɗanda suka fi kowa sanin baƙin fuska su ne za su ja bakinsu su yi shiru. An gwada haka a nan. Kamfanin dillancin labarai na AP ya tona a 2011 cewa 'yan sandan New York sun yi shekaru suna leƙen masallatai da shagunan Musulmi, wani babban jami'insu ya amsa a 2012 cewa sashen bai samo ko labari ɗaya da ya kai ga buɗe bincike ba, aka rushe shi a 2014.

Batun ɗanka babba da ya ce yana sha'awar irin wannan aiki, ka gaya masa gaskiya. A nan ba a ɗaukar kowa aikin TSA sai ɗan ƙasa, ko da na tsayuwa bakin na'ura ne. Na nazarin bayanan sirri kuwa sai an tone rayuwar mutum, inda ya zauna, bashin da ake binsa, 'yan uwansa na ƙasashen waje, kuma binciken kan ci watanni. Mai katin zama ma bai isa ba, balle mai bizar karatu. In da gaske yake, ƙofar da ta fi kusa da shi tana gida: hukumar shige da fice, ko tsaron filin jirgi, ko hukumar leƙen asirin ƙasa da muka saba kira BNI. Ya gama digirinsa, ya iya rubuta rahoto gajere mai ma'ana, ya kuma ƙara Faransanci a kan Hausa da Twi da Larabcin makarantar allo da yake da su, don duk maƙwabtanmu uku da shi suke aiki. Akwai ajin yamma a Accra, ka tambayo nawa ne kuɗin zango ɗaya, ni zan biya.